Jarrabawar Baban Kwaɓi

Shekara tara Malama ta yi tana koyar da 'yan aji uku da alli da maƙogwaro, kafin a sanar da ita cewa ashe duk tsawon lokacin nan ba koyarwa take yi ba. Wanda ya sanar da ita shi ne shugaban Sashen Horas da Ma'aikata na wani babban kamfanin burodi, a ranarta ta farko, tun ba ta gano inda za ta rataye jakarta ba. Ya ce abin da ta yi a makaranta sunansa surutu a gaban yara. Koyarwa ta gaskiya tsara ta ake yi a takarda tun kafin a ga fuskar mai koyo, kuma sana'ar da aka ɗauke ta ta koya ke nan, tsara darasi. Wata uku za ta yi a gwaji. In ta iya, a ba ta takardar tabbatarwa. In ba ta iya ba, alli bai ƙare a kasuwa ba.

Mutumin nan ya taɓa zuwa wani kwas na mako biyu, yau shekara shida, kuma har yanzu bai gama dawowa ba. A bayan idonsa Jan Biro ake ce masa, don ba a taɓa miƙa masa takarda ta dawo da lafiyarta ba. Wani direba ya kai masa katin gayyatar aurensa, ya mayar masa da shi da gyara a wuri biyu. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Ya dai yi imani da abin da aka koya masa fiye da waɗanda suka koya masa.

Kawunta ne ya samo mata aikin, yayan mahaifiyarta, wanda duk kamfanin ke kira Baban Kwaɓi. Shekara talatin da ɗaya yana tsaye a gaban injin kwaɓi na ɗaya, tun injin yana da fenti. Shi ya ji labarin gurbin, shi ya ɗauki takardunta a leda ya kai wa sakatariyar Manaja, ya kuma riƙa leƙa ta da gaisuwa duk safiya har ta gaji ta ɗora su a sama. Ofishin da aka zaunar da Malama yana hawa na biyu, daidai saman ɗakin kwaɓi. In injin Kawu ya tashi, sai shayin da ke kofinta ya kama rawa.

Makonni uku na farko a karatu suka tafi. A bangon ofishin akwai zane mai akwati biyar, kibiya na fita daga wannan tana shiga wancan: nazari, tsarawa, haɗawa, gabatarwa, aunawa. Daga na biyar kibiya ta sake lanƙwasowa zuwa na farko, wato dai aikin ba ya ƙarewa, sashen ma ba ya rufewa. Jan Biro ya koya mata cewa kowane darasi da manufa yake farawa, kuma manufa sai wadda za a iya aunawa. Ba a cewa mai koyo zai san abu ko zai fahimce shi, don ba wanda ya taɓa leƙa kan mutum ya ga sani a zaune. Sai dai a ce zai lissafa, zai nuna, zai zaɓa. Abin da ba ya aunuwa, in ji shi, a ɗauka babu shi.

Abin ya shiga ranta, ba wasa ba. Ta tuna sau nawa ta tambayi yara ko sun gane, suka amsa da babbar murya cewa sun gane, ita kuma ta share allo ta wuce gaba. Ta ji kunyar hakan sosai. Amma ta yi irin ta sabon shiga, ta zarce. Wata rana Inna, mahaifiyarta, na yi mata faɗa kan tukunyar da ta jiƙa ta manta, sai Malama ta tambaye ta me take so ta iya yi a ƙarshen wannan faɗan. Inna ta dube ta tun daga ɗankwali har silifa, ta ce a ƙarshensa za ta iya wanke tukunyar. Malama ta yarda cewa wannan manufa tana aunuwa, ta ɗauki soso.

A mako na huɗu aka ba ta aikinta na farko. Sabon Manaja, wanda aka ɗauko daga kamfanin lemon kwalba, ya lura cewa burodin masu aikin safe ya fi na masu aikin rana, kuma duk wanda ya tambaya dalili sai ya nuna masa wani tsoho mai furfura. Hankalinsa ya tashi. A ganinsa bai kamata kamfani guda ya rataya a tafin hannun mutum ɗaya ba. Ya ba da umarni a kwashe abin da ke kan tsohon a zuba a kwamfuta, don sababbin ma'aikata su koya. Jan Biro ya yi wa Malama bayani cewa a sana'arsu irin wannan tsoho sunansa masanin fanni, kuma aikinta ta tatse shi. Da ya ji kawunta ne, sai ya ce ai faɗuwa ta zo daidai.

Ta sauka ɗakin kwaɓi da sabon littafi, an sa mata farar hula da ta yi mata yawa. Ɗaki ne dogo mai tayil, inji huɗu a jere, kowanne da kwanon ƙarfe da mutum zai iya zama ciki, buhunan fulawa jibge a kan katako. Kawu ya goge mata wani benci ya ce ta yi tambayarta.

"Kawu, ruwa lita nawa ake zuba wa buhu ɗaya?"

"Wane buhun?"

"Na fulawa mana."

"Na yau ko na jiya?"

Ya tura hannu cikin buhu ya dunƙulo fulawa, ya matse, ya buɗe mata tafinsa. Ya ce in ta riƙe shatin yatsu, ta riga ta sha iska mai laima, ruwanta kaɗan ne. In ta wargaje, ƙishi take ji. Ta tambayi minti nawa ake juya kwaɓi, ya ce har sai kukan injin ya sauya, kwaɓin ya saki jikin kwano ya fara marinsa. Ta tambayi ƙanƙara kilo nawa, ya ce a taɓa ƙarfen kwanon da bayan hannu tukuna. Yis kuwa hanci ne ke faɗin ko yana da rai. Kwana shida tana bin sa, ta cika shafi sittin. A gida Kawu mutum ne da zai wuni bai yi jimla goma ba, amma a nan sai da ta riƙa roƙonsa ya dakata ta rubuta. Ta ji daɗin kwanakin nan fiye da duk abin da ta yi tun zuwanta, shi ma har ƙara mata yake yi a hanya in sun tashi.

Jan Biro ya karɓi littafin ranar Litinin, ya mayar mata da shi ranar Talata kamar an yanka kaza a kai. Inda Kawu ya ce in fulawa ta riƙe, ya rubuta a gefe, riƙe nawa? Inda ya ce kukan inji, ya rubuta, da wane ma'auni? Ya ce duk wannan labari ne, ba abin darasi ba ne. Ya aike ta ta ciro wata takarda da ke rataye a bangon ɗakin kwaɓi cikin leda, wadda masu injin suka bari tun ranar da suka kafa shi, fulawa ta rufe ta har ba a ganin rubutun. Da aka karkaɗe, sai ga komai fes: ruwa lita ashirin da takwas, juyi minti goma sha biyu, ƙanƙara kilo huɗu. Jan Biro ya riƙe takardar da hannu biyu, ya ce ga ilimi yana rataye shekara da shekaru mutane suna wuce shi.

Da wannan takarda Malama ta haɗa darasi mai shafi arba'in a kwamfuta, da manufofi shida a gaba. Ta sa hoton wani burodi mai hula da murmushi, wanda ke cewa madalla in ka danna wurin da ya dace. Saura akwati na biyar, aunawa: tambaya ashirin, kowacce da amsa huɗu, ɗaya daidai, uku kuskure.

A nan ta fara yin abin kunya a idon maigidanta. A tambayar ruwa, amsoshin kuskuren da ta sa su ne lita ɗari, da cokali biyu, da kada a zuba ko ɗigo. Jan Biro ya cire tabarau ya tambaye ta ko awaki za ta yi wa jarrabawa. Ya ce gwanintar mai tsara darasi ba a amsar daidai take ba, wannan kowa zai iya kwafowa. Gwaninta tana cikin amsar kuskure. Dole ta yi kama da gaskiya, ta ja hankali, ta zama irin abin da ma'aikaci na gaske zai faɗa da bakinsa. Ya ba ta kwana biyu ta kawo guda sittin irin wannan.

Ta yi kwana ɗaya tana tauna murfin biro, ba ta samo ko biyar ba. Ina za ta san abin da ma'aikaci na gaske ke faɗa, ita da makon jiya ta fara ganin cikin inji? Tana jan aljihun tebur neman wani biron, sai ga littafin nan mai jan zane.

Kafin a tashi aiki ta gama. Ruwa nawa ake zuba wa buhu ɗaya? Lita ashirin da takwas. Ko gwargwadon yadda fulawar ta riƙe a hannu. Ko a rage in ana ruwan sama. Ko a fara da kaɗan a ƙara in kwaɓin ya nema. Yaushe ake kashe inji? Bayan minti goma sha biyu. Ko in kukansa ya sauya. Ko in kwaɓin ya saki kwano. Ko in an ja shi ya miƙe bai tsinke ba. Haka ta bi su har ƙarshe, ban da biyu na wanke hannu da sa hula, waɗanda Kawu da takardar bango ba su da saɓani a kansu. Ba za a ce wani abu bai soke ta a zuciya ba. Amma ta ce wa kanta ai sababbi ne za su yi, kuma in sun sauka ƙasa Kawu zai gyara musu zama.

Jan Biro ya karanta shiru, ya sake karantawa. Sai ya yi abin da ba a taɓa gani ba a sashen, ya sa jan biron ya ja alamar daidai a ƙasan shafin, babba. Ya ce bai taɓa ganin amsoshin kuskure masu kyau irin waɗannan ba, shi kansa sun kusa ɗaukarsa. Malama ta koma kujerarta bakinta har kunne.

Mako guda bayan haka Manaja ya fitar da sanarwa. Darasin ya burge shi har ya ga bai kamata a hana kowa ba. Duk mai taɓa injin kwaɓi, sabo da tsoho, zai zauna jarrabawar. Maki goma sha shida ne ci, sau uku ake gwadawa, wanda ya faɗi duka ukun za a ɗauke shi daga kan inji. Kowa ya san abin da hakan ke nufi ga mai shekarun Kawu, ba wani sashen za a kai shi ba, ƙofa za a nuna masa.

Malama ta karanta sanarwar a tsaye. Abin da ya kamata shi ne ta sauka ƙasa a take ta gaya masa abin da ta yi. Matattakala goma sha takwas ce kawai. Amma kunya ta riƙe mata ƙafa, sai ta lallashi kanta da cewa ai zai kalli darasin tukuna, zai ga ashirin da takwas ɗin da idonsa, kuma shi ba yaro ba ne.

Ranar jarrabawa, da azahar, ta ji ana hawowa a hankali. Kawu ne, da farar rigar aiki, karo na farko da ya taɓa hawa benen nan. Ya tsaya a bakin ƙofa don kada ya ɓata musu kafet da fulawa.

"'Yar nan, na zo in yi miki godiya ne. Duk maganata na gani a ciki, ba ki zubar da ko ɗaya ba. Sai dai ki gaya wa masu kwamfutar, kowace tambaya amsarta uku ce, ita kuma ɗaya take karɓa."

Sakamakon yana buɗe a gabanta a lokacin, a fuskar kwamfuta, shi ba ya hangowa. Sababbi biyar da aka ɗauka watan jiya sun ci daga sha takwas zuwa ashirin. Baban Kwaɓi ya ci biyu, wanke hannu da sa hula. Ta ce masa to, Kawu, za ta gaya musu. Ya sa mata albarka ya sauka.

Ta tafi wurin Jan Biro don ta roƙa a sauya tambayoyin, ta tarar da shi cikin farin ciki. Har ya zana sakamakon a jadawali mai sanduna, na sababbi dogaye, na tsofaffi gajeru, na Kawu kuwa sai ka matso. Ya ce wannan shi ake kira giɓi, kuma da ba don darasin ba da ba a taɓa gano cewa mutumin da ya fi kowa daɗewa shi ya fi kowa buƙatar horo ba. Ta gaya masa daga inda ta samo amsoshin kuskuren. Ya ce to ai shi ya sa suka yi aiki. Batun sauyawa kuwa babu shi, ba a taɓa ma'auni bayan an fara awo, kuma jadawalin ya riga ya isa teburin Manaja.

Da Kawu ya ga sunansa a ƙasan takardar da aka liƙa, sai ya ɗauka garaje ya yi. A zama na biyu ya natsu, ya yi awa biyu yana auna wacce ta fi gaskiya a cikin ukun nan, har mai kula da ɗakin ya yi gyangyaɗi. Ya sake cin biyu. A ɗakin kwaɓi ba wanda ya yi dariya a gabansa, amma sababbin suka daina tambayarsa komai.

Labari ya isa gida kafin Malama. Inna ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi faɗan muni. Ta ce Yaya ne ya ɗauki takardunta a leda ya yi ta zarya, kuma a duk dangi ba wanda aka taɓa kora daga wurin aiki. In aka fara da shi, kuma ta hannunta, to ta nemi fuskar da za ta riƙa shiga gidansa da ita. Daga ranar Inna ta daina yi mata magana.

Ranar hutu da la'asar ta tafi gidan Kawu da katuna ashirin da ta yanka daga kwali, tambaya a gaba amsa a baya, har da manufar zaman a rubuce. Suka zauna a baranda. Kati na farko ya ci rabin awa, don Kawu ya ce lita ashirin da takwas gaskiya ce a wata fulawar a wata ranar, kuma shi ba zai rantse a kanta ba. A na biyu ya tashi ya ɗebo fulawar gida a kofi don ya nuna mata. Duk dabarar da aka koya mata ta gwada, ta maimaita, ta yaba, ta raba abu ƙanana ƙanana. Rana ta yi sanyi suna kati na huɗu. Ta tattara katunan ta kife su a kan tabarma.

"Kawu, bar wannan duka. Abu ɗaya za ka riƙe. Duk inda ka ga maganarka, ka tsallake ta. Wadda ba taka ba, ita za ka danna."

Ya ɗago kati ɗaya ya juya bayansa.

"Wato tawa ita ce ta faɗuwa."

"A jarrabawar kawai, Kawu."

"Wa ya ajiye ta a wurin?"

Ta so ta ce ƙa'ida ce, ta so ta ce Jan Biro. Ta ce, "Ni ce."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya juye fulawar kofin a tafinsa ya mayar. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ta samu sauƙi. Ya ce to lallai ta iya aikinta, tunda shi mai maganar ma ya faɗa ramin har sau biyu. Sannan ya tambaye ta lafiyar uwarta.

A zama na uku minti goma sha ɗaya ya yi, ya ci ashirin cif. Jan Biro ya kusa yin rawa. Daga biyu zuwa ashirin, in ji shi, ko a kwas ɗin da ya je ba a nuna musu irin wannan ba. Aka buga wa Kawu takardar sheda mai zinariya a gefe, aka ɗauke shi hoto yana karɓa daga hannun Manaja, aka liƙa hoton kusa da zanen akwati biyar. Inna ta dawo yi wa Malama magana. Malama ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗauka an gama.

Ashe da saura. Cin jarrabawa, in ji Jan Biro, rabin awo ne, sai an je an gani da ido ko mai koyo yana aiki da abin da ya koya. Ya sa ta tsara takardar dubawa mai layi goma sha biyu, kowane layi da akwatin da za a sa alama, kuma ya ce wannan ne aikinta na ƙarshe kafin a yanke hukunci kan gwajinta. Shi da kansa zai tsaya a bayanta. Wanda za a duba kuwa, wa ya fi tauraron darasin?

Ranar ta faɗo a kwana na huɗu da ake ruwa ba ƙaƙƙautawa. Tayil ɗin bango har gumi yake yi, kuma da safen aka sauke sabuwar fulawa daga motar da ta kwana a hanya. Malama ta tsaya da allonta, Jan Biro a kafaɗarta da agogo. Kawu ya wanke hannu, ta sa alama. Ya gyara hula, ta sa alama. Ya farke buhu ya juye a kwano, kuma ko ita da ta yi kwana shida kacal a ɗakin ta ga yadda fulawar ta faɗa dunƙule dunƙule. Ya buɗe famfo, lambobi suka fara hawa a jikin mita. A ashirin da huɗu hannunsa ya koma kan famfon da kansa, ya rage shi har ya zama zare.

Sai ya ɗago ya dube ta. Ba Jan Biro ya duba ba, ita ya duba, ita da allon da ke hannunta. Layi na huɗu cewa ya yi, yana zuba lita ashirin da takwas. In ya rufe a nan, akwatin zai tashi fanko, darasinta bai kama ba ke nan a gaban mai yanke mata hukunci. Ta san kalma ɗaya ta isa, rufe, Kawu. Tana bakinta. Tsoro ya hana ta fitowa, ta sunkuyar da kai kan takardar kamar mai neman layi.

Ta ji ƙarar ruwan ta dawo da ƙarfi. A ashirin da takwas daidai ya rufe, ta sa alama. Ya kunna inji ya koma gefe ya harɗe hannu a baya, yana kallon agogon bango. Kwaɓin bai saki kwano ba, bai mari komai ba, yana ta lallaɓa kamar kunu mai kauri. A minti na goma sha biyu ya kashe. Layi goma sha biyu, alama goma sha biyu, Jan Biro ya miƙa masa hannu.

Burodin ranar ya fito a baje, saman ya lotsa, cikin ya yi danƙo. Masu shaguna suka dawo da shi a motar da ta kai musu, aka kira masu kiwon kaji suka kwashe. Manaja ya kira taro yana huci yana neman wanda zai rataya. Jan Biro ya miƙe a natse ya ajiye masa takardar dubawa. Ya ce ma'aikaci ya bi tsari ɗari bisa ɗari, ga sheda a rubuce, don haka matsalar ba ta horo ba ce kuma ba ta ma'aikaci ba ce, ta fulawa ce. Ya ba da shawarar a tsara wa masu sayo kaya darasi nasu. Manaja ya duba alamomin nan goma sha biyu a jere, ransa ya yi sanyi, ya amince. Washegari aka ba Malama takardar tabbatarwa, saura kwana biyu wata ukun ya cika.

Ta sauka da ita a hannu lokacin da masu aikin safe ke tashi. Ruwan ya ɗauke. Kawu shi kaɗai ya rage a ɗakin, ya sunkuya cikin kwanon injinsa yana kankare gefe. Ta nuna masa takardar, ya goge hannu sosai kafin ya karɓa, ya karanta har sa hannun ƙasa. Ya yi murna, murna ta gaske, ya ce Allah ya sa albarka, ya ce dama ya san za ta iya. Ta fara cewa Kawu, ranar nan, sai ya ɗaga mata hannu.

"Ni ma na kai tawa takardar ɗazu. Ƙarshen wata zan ajiye aiki."

"Kawu, ai ka ci. Ba mai taɓa ka yanzu. Injinka ne."

"Na sani. Amma aikin nan yadda kika tsara shi, kowa zai iya, ba sai ni ba. Mita ta san ashirin da takwas, agogo ya san sha biyu. Tsayuwa kawai nake yi, ƙafafuna kuma sun gaji da tsayuwar banza."

Ta ce za ta sake darasin, za ta dawo da littafin nan gaba ɗaya, za ta yi magana da Manaja da kanta. Ya saurare ta har ta gama, kamar yadda ake sauraron yaro yana faɗin abin da zai zama in ya girma. Ya mayar mata da takardarta, ya ce ta riƙe ta da kyau kada ta ɓaci da fulawa.

"Ki dai gaya wa uwarki ba korata aka yi ba. Da shedata zan tafi."

Ya koma cikin kwanon ya ci gaba da kankara. Ita kuma ta hau sama, inda masu sayo kaya su uku ke zaune suna jiran ta fara yi musu tambayoyi.